Waɗanda Ƙara Ke Ci a Kabong

Mata da miji, ɗaki ɗaya, katifa ɗaya. Janaretan maƙwabci yana ruri a bayan taga tun bayan cin tuwo. Maigida bai daɗe da kwanciya ba ya fara minshari, uwargida kuwa idonta biyu har zakara ya yi cara, tana juyi, tana danne kai da filo. Da gari ya waye ta ce kanta na sarawa, sai ya ce, "Ke dai kin cika sa abu a rai. Ni ban ji komai ba." Gaskiya ya faɗa, bai ji ba. Ita ma ba ƙarya ta yi ba.

Na yi aikin jinya har na yi ritaya, yanzu ina riƙe da ɗan kemis a Kabong da ke Jos, ba nisa da Gada Biyu. Irin wannan ƙorafi yana yawan zuwa mini bakin shago, sai dai ba da sunansa yake zuwa ba. Mutum zai ce a ba shi Panadol, ko Piriton don ya samu barci, ko in gwada masa jini. Sai na zaunar da shi a benci, na ɗaura masa abin awo a dantse, muna ɗan taɓa hira, sannan zancen yake fitowa. Wani ya ce injin da ke bayan ɗakinsu ne. Wata ta ce tun da aka buɗe gidan kallon ƙwallo a layinsu ba ta ƙara yin barcin kirki ba. Kusan dukansu da kunya suke faɗa, suna dariyar yaƙe, don an riga an gaya musu a gida cewa wannan ba abin da babba zai yi kuka a kai ba ne.

Wanda bai taɓa kwana a Kabong ba zai ɗauka unguwa ce mai shiru, ganin duwatsu da sanyin Jos. Tun biyar na asuba masu wa'azin safe sun fito da lasifikar hannu. Kafin bakwai injin markaɗe ya tashi, mata sun jera bokitan wake da masara, ƙarar tana ratsa bangon bulo har mutum ya ji ta a haƙoransa. A Gada Biyu tireloli na gangarowa suna hura iskar birki, motocin sojoji na wucewa zuwa barikin Rukuba, 'yan keke kuwa, waɗanda suka cika titi tun da aka hana acaɓa a cikin gari, kowa hannunsa na kan hon. Mai walda na yankan ƙarfe. Mai faci ya kunna injin iska. Mai cajin waya ya juya lasifikarsa tana kallon titi, mai maganin gargajiya ya faka mota yana lissafa cututtuka da murya ɗaya da ba ta gajiya. Da yamma sai ihun 'yan kallon ƙwallo. Da dare, in an ɗauke wuta, janareta. Gidajenmu kuma a cushe suke a jikin dutse, wani bisa wani, tagar wannan na kallon bayan ɗakin wancan, dutsen kuma yana mayar da amo. In damina ta zo da ƙanƙara a kan rufin kwano marar silin, sai dai a yi magana da hannu.

Yawancin mutane sukan saba. Bayan wata ɗaya ko biyu a gidan haya, kunnensu ya daina kai musu rahoton injin markaɗe. Akwai kuma waɗanda shekara goma ba ta sa su saba. Ba ma sai ƙarar ta yi ƙarfi ba: famfo mai ɗiga, rediyon ɗaki na uku, yaro na buga ƙwallo a bango, kowanne ya isa ya hana su sakat. In mace ce, a ce masifaffiya ce ko ta cika iyayi. In tsoho ne, a ce rigimar tsufa. In saurayi ne, a ce yana jin kansa, wai shi ɗan Rayfield, unguwar masu kuɗi. Na ga wadda danginta suka kai wurin addu'a, don a ganinsu ba mai gudun kiɗan biki sai mai iska.

Masu bincike sun daɗe da gane cewa rashin jure ƙara hali ne mai zaman kansa, kuma ana iya auna shi. A 1978 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Neil Weinstein, ya tsara tambayoyi 21 ya ba sababbin ɗalibai kafin su tare a ɗakunan kwanan jami'a. Waɗanda amsoshinsu suka nuna ba sa jure ƙara, su ne hayaniyar ɗakunan ta fi damu, kuma da shekara ta yi nisa sai abin ya ƙara yi musu yawa. Sauran ɗaliban ba abin da ya canza musu. Har yau ana amfani da tambayoyin nan nasa. Ƙiyasin da masana suka fi ambata, wanda akasari daga Turai ya fito, shi ne kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari na mutane suna da wannan hali, kusan kashi 12 kuma nasu mai tsanani ne. In haka ne, da wuya a samu gidan haya mai ɗaki goma da ba shi da mutum ɗaya ko biyu. Abin da yake ba mutane mamaki in na faɗa musu shi ne, da za a gwada kunnen waɗannan mutane a asibiti, ba su fi kowa kaifin ji ba. Sautin da ya shiga kunnensu shi ne ya shiga na maƙwabcinsu. Bambancin yana ga abin da ƙwaƙwalwa da jiki suke yi da shi.

A ƙasar Finland suna da rajistar tagwaye da suka daɗe suna bibiya. A 2005 Marja Heinonen-Guzejev da abokan aikinta suka kwatanta tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya da waɗanda suka fito daga ƙwai biyu, suka gano cewa kimanin kashi 36 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali gado ne. Saura kuwa daga rayuwa ne: ciwo, shekaru, abin da mutum ya gani. A 2016 wasu masu binciken a Helsinki suka auna yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar sauti, suka ga ta masu rashin jure ƙara tana tace shi ta wata hanya dabam. Ni yadda nake bayyana wa mutane, kowa yana da mai gadi a ƙofar ƙwaƙwalwarsa. Na wani sai ɓarawo ya haura katanga yake tada mutanen gida. Na wani ko mage ce ta gifta sai ya busa usur.

Usur ɗin nan kuwa jiki ne ke biyan kuɗinsa. Ido yana da murfi, kunne ba shi da shi, ko mutum na barci yana aiki. Da sauti ya shiga, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari zai yanke hukunci tun kafin mutum ya yi tunani. In ya ga akwai barazana, sai a saki sinadaran da ke shirya jiki don gudu ko faɗa, wato adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke, suga ya ƙaru a jini. In kare ne ya biyo ka, wannan rahama ce. In kuwa kowane dare ne, shekara da shekaru, jijiyoyin jini sukan jigata. A 2008 aka wallafa wani bincike da aka yi kan mutum 140 da ke zaune kusa da filayen jirgin sama huɗu a Turai, ciki har da Heathrow na Landan. An ɗaura musu na'ura tana auna jininsu kowane minti 15 suna barci. Duk lokacin da jirgi ya wuce, lambar sama takan hau da kusan 6, ta ƙasa da kusan 7, ko da mutum bai farka ba. Ƙarar mota ma haka take yi, har da minsharin abokin kwana. Saboda haka mai cewa shi bai ji komai ba ya daina fahariya, jininsa ya ji.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Raɗa ba ta wuce 30, hira tana kusan 60, titi mai cunkoso yakan kai 80 ko fiye, kuma duk ƙarin 10 kunne yakan ji shi kusan ninki biyu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Turai shawarar kada ƙarar titi ta wuce 53 a matsakaicin yini, da dare kuma 45, bayan ta lura cewa duk ƙarin desibel 10 na ƙarar titi yana ƙara haɗarin ciwon toshewar jijiyoyin zuciya da kusan kashi 8 cikin ɗari. Tun a 2011 hukumar ta ƙiyasta cewa yammacin Turai na asarar aƙalla shekarun lafiya miliyan ɗaya a kowace shekara saboda ƙarar ababen hawa, mafi yawansu ta hanyar lalacewar barci. Wannan a ƙasashen da ba a kwana da janareta ke nan.

Akwai wata mata mai sayar da kayan miya a kasuwar Kabong, ta ɗan haura arba'in. Takan biyo da safe kafin ta buɗe rumfa, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau har ya rufe kunnuwa, goshinta na ƙyalli da man zafi, in ta kwance ɗankwalin ka ga auduga a cushe a kunnenta ta yi baƙi. Wata rana awon jininta ya nuna 150 bisa 95, wata rana 126 bisa 80. Na ba ta littafin rubutu irin na 'yan firamare, na ce duk ranar da muka gwada ta rubuta lambar, a gefe kuma ta rubuta yadda daren ya kasance. Ba a daɗe ba littafin ya fara magana. Safiyar da ta biyo daren da ba wuta, da safiyar Asabar bayan addu'ar dare ta cocin da ke bayan gidansu, su ne lambar ke hawa.

Ta daɗe tana kallon shafin, sannan ta ce, "Sista, ashe ba ni ce ba ni da haƙuri ba?"

Na ce, "Ƙanwata, haƙurin ne ma ya yi miki yawa. Ɗauki littafin nan ki kai wa likita."

Ban ce mata ƙara ce kaɗai ta jawo mata hawan jini ba. Mahaifiyarta ta yi fama da shi, ita kuma hannunta na da nauyi a gishiri da magi. Likita ya sa ta a magani, kuma ya yi daidai. Amma da ta je masa ba littafin, da maganin kawai za ta samu, ba wanda zai ce mata ta mayar da gadonta ɗakin gaba.

A nan ya kamata in yi taka-tsantsan, don binciken da aka yi kan jiki bai zo da baki ɗaya ba. A cikin tagwayen Finland ɗin nan, rahoton 2007 ya nuna cewa mata masu rashin jure ƙara sun fi sauran mata mutuwa da ciwon zuciya da jijiyoyin jini. Amma a Ingila, Stephen Stansfeld da Martin Shipley sun bi ma'aikatan gwamnati fiye da 3,600 na tsawon shekaru, kuma a 2015 suka ba da rahoton cewa halin bai ƙara musu haɗarin mutuwa ko bugun zuciya ba, in ban da ciwon ƙirji a tsakanin ƙananan ma'aikata. Abin da ya fito fili a wurinsu shi ne ciwon damuwa: wanda ya ce ƙara na damunsa ƙwarai ya fi shiga ƙuncin rai a shekarun da suka biyo baya. A Koriya ta Kudu, wani bincike na 2017 kan mutum fiye da 1,800 a biranen Seoul da Ulsan ya haɗa ƙarfin ƙarar unguwanninsu da amsoshin da suka bayar. Yadda mutum ke jin ƙarar a jikinsa ya fi ƙarfin ƙarar kanta nuna wanda ke fama da rashin barci, fargaba da ciwon damuwa. A taƙaice dai, hujja kan barci da lafiyar ƙwaƙwalwa tana da ƙarfi, kan zuciya kuwa har yanzu ana ja. Ni abin da nake gani a benci ya fi kusa da na Koriya.

Wanne ya riga wanne, damuwar ko rashin jure ƙarar? Stansfeld ya duba wannan tun a farkon shekarun 1990 a kan masu jinyar ciwon damuwa. Da suka samu sauƙi, ƙara ta rage damunsu, amma ba su koma daidai da sauran mutane ba. Abubuwan biyu suna ciyar da juna ke nan. Rashin barci yana gajarta haƙuri, mai gajeren haƙuri yana kasa kunne yana jiran janareta ya tashi, jiran nan kuma shi kansa ya isa ya kori barci tun kafin a ja igiya. Shi ya sa in mutum ya ce mini ƙarar da ya saba da ita ta fara yi masa yawa a 'yan watannin nan, nakan tambaye shi cin abincinsa, da kasuwarsa, da ko an yi masa rasuwa.

Mu a Kabong akwai wani abu kuma da ba ya cikin lissafin mutanen Finland. Ranar 24 ga Disamba 2010, jajibirin Kirsimeti, da yamma, mutane na tsakiyar cefanen biki, bama-bamai suka tashi a nan Kabong da Unguwar Rukuba. Fiye da mutum 30 suka rasu a daren. Kafin nan garin ya ga rikicin 2001, da na 2008, da na Janairun 2010, bayan nan kuma ga bam ɗin kasuwar Taminus na 20 ga Mayu 2014 da ya ci rayuka sama da 100. Kunnen da ya ji waɗannan bai zama ɗaya da na da ba.

Na san wani dattijo kafinta da yake kasuwa a yammacin jajibirin Kirsimetin nan. Ko ƙwarzane bai samu ba. Guduma da zarto ba sa damunsa, don a hannunsa suke. Amma in taya ta fashe a titi, ko iska ta buga ƙofar kwano, sai ka ga hannunsa na rawa, gumi ya keto masa a cikin sanyin hunturu, ya nemi wuri ya zauna. Wata rana haka ta same shi a gaban shagona. Na ba shi ruwa, ya riƙe kofin da hannu biyu yana zuba a rigarsa, ya ce, "'Yata, kar ki gaya wa yarana." Duk shekara daga tsakiyar Disamba yakan tafi ƙauye sai bayan sabuwar shekara. Mutane na cewa Baba na son bikin gida. Nokawut, wato abin wasan yara mai fashewa, yake gudu. 'Yan sanda kan sanar da hana wasan kusan kowace shekara, yara kuwa ba su daina ba, galibinsu ma ba a haife su ba lokacin da abin ya faru.

Abin da ke damun Baba ba irin na mai kayan miya ba ne. Nasa ciwon firgici ne da ke biyo bayan tashin hankali, kuma saurin razana da ƙarar bazata yana cikin manyan alamominsa. Yana da magani, mafi yawa ta hanyar zama da ƙwararre ana warware abin a hankali. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Wahalar ita ce sa dattijo ya taka ƙofar, don da ka ambata zai ce, "Ni ba mahaukaci ba ne."

Akwai wasu da ya kamata a ware su ma. Wanda ƙarar cokali a kwano ke yi wa zafi a cikin kunne, ko wanda kunnensa ke yi masa shuu ba dare ba rana, likitan kunne da hanci da maƙogwaro zai gani. Mai ciwon ɓarin kai yakan tsani ƙara da haske in ciwon ya taso, in ya lafa ya koma daidai. Sai masu walda da masu injin niƙa, waɗanda su ƙara ba ta damunsu ko kaɗan, alhali su ne kunnensu ke mutuwa. Ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata ita ce desibel 85 na awa takwas, duk ƙarin 3 kuma a rage lokacin da rabi. In ka ga mai injin markaɗe yana cewa "Na'am?" sau uku kafin ya ji kuɗin da ka faɗa, ba wulaƙanci ba ne.

Binciken da ya fi yi mini amfani a zaman unguwa tsoho ne. A 1972 David Glass da Jerome Singer suka wallafa sakamakon gwaje-gwajen da suka yi a New York. Sun sa mutane aiki ana sako musu ƙara mai ƙarfi jefi-jefi. Wasu an ba su maɓalli, aka ce in abin ya yi yawa su danna ƙarar ta tsaya. Galibinsu ba su danna ba. Duk da haka, bayan an kashe ƙarar, masu maɓallin sun fi juriya a kan aiki mai wuya kuma kurakuransu sun fi kaɗan. Haka kuma ƙarar da mutum ya san lokacin zuwanta ba ta gajiyar da shi kamar ta bazata. Ƙarfin sautin ɗaya ne, sanin cewa kana da ta cewa shi ne ya bambanta.

Na ga haka a layinmu. Wani tela, in Disamba ta kama ɗinki ya yi masa yawa, yakan kwana da janareta, bayan shagonsa kuma ɗakin wata gwauruwa ce malamar makaranta. Ta yi ta cin rai har suka daina gaisawa. Da mai unguwa ya zaunar da su, telan ya ce, "Anti, ai ban san yana shiga ɗakinki haka ba." Aka tsayar da magana: ƙarfe sha ɗaya zai kashe, in aiki ya matse zai aiko yaro ya faɗa mata tun da rana, janaretan kuma aka matsar da shi daga gindin tagarta aka ɗora a kan tsohuwar taya. Daga baya ta ce mini ko ƙarar tara zuwa sha ɗayan ma ta daina ƙona mata rai, har takan yi makin ɗin jarrabawa a cikinta. Abin da ke kashe ta a da shi ne kwanciya ba ta san ko sha biyu ba ne ko uku.

Inda magana ke yin nauyi shi ne wurin ibada. Ni 'yar zumuntar matan coci ce, ina son ganga da tulu da waƙa, kuma ba na jin kunyar ɗaga murya ranar Lahadi. Amma lasifikar da aka ɗaura a saman rufi tana kallon gidajen mutane ƙarfe biyu na dare, alhali masu addu'ar ba su cika benci uku ba, ban san wa take yi wa hidima ba. Tsofaffin abokan aikina Musulmi da ke Gangare da Nasarawa suna faɗa mini irin wannan game da wasu masu wa'azin dare a wajensu. A gari irin Jos, inda aka sha zubar da jini da sunan addini, ba mai son a ji bakinsa a kan lasifikar ɗakin ibada, ko da nasa ne. Mai jego, da mai hawan jini, da wanda zai tashi aikin asuba, kowa sai ya haɗiye, don kar a ce Shaiɗan ne ke magana ta bakinsa. Fastoci da limaman da suka juya lasifikarsu ciki bayan ƙarfe goma, na san akwai su, ban ji an ce jama'arsu ta ragu ba.

Doka tana nan. Hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin ƙara na 2009, waɗanda suka sa iyakar desibel 55 da rana da 45 da dare a unguwar da gidaje suka haɗu da shaguna. A Legas, a 2016, gwamnati ta rufe coci 70 da masallaci 20 saboda ƙara. A Filato muna da hukumar muhalli ta jiha, PEPSA. Sai dai wanda zai kai koken maƙwabcinsa ofis ya san gobe a rijiya ɗaya za su ɗebi ruwa. A iya abin da na gani, mai unguwa, da mai gidan haya, da dattawan coci sun fi saurin kashe irin wannan wuta.

Wani sauƙi ya zo ta inda ba a zata ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, masu kwana da janareta sun ragu a layinmu, masu ɗan hali sun koma sola. Ba wanda ya yi murna da tsadar, ni ma tana cina. Amma wasu daga cikin masu zuwa neman maganin barci sun ɗauke ƙafa.

Maganin barcin nan shi ne inda muke saɓawa da mutane. Masu ƙarfi irin su diyazefam ba a ba mai kemis izinin sayarwa haka kawai ba, kuma ko an ba ni ba zan miƙa wa mutum don janareta ba, saboda jiki na saurin sabawa da su, barinsu kuma ya zama aiki. Piriton yakan bar mutum da magagi har rana ta take, abin tsoro ga ɗan keke. Panadol na kullum shi kansa yana iya haifar da ciwon kai. Masu kora burkutu don su yi barci sukan faɗi da wuri, su farka tsakar dare. Abin da nake ba da shawara ba shi da tsada: abin toshe kunne na soso, da dare kawai, don wanda ya yini da shi kunnensa ƙara laushi yake yi, fanka in akwai wuta, domin sautinta mai tafiya bai ɗaya yana rufe na bazata, a janye gado daga bangon da ƙarar ke bi, a toshe ramukan taga, a sa silin in da hali. Mai janareta kuma ya nisanta shi da tagogi, kar ya ce zai shigar da shi baranda ko ɗaki don rage wa maƙwabta ƙara, hayaƙinsa na kashe gida guda a dare ɗaya.

Wanda ya san halinsa kuma yake neman ɗaki, kar ya yarda da ganin da dillali zai kai shi. Dillali ƙarfe sha ɗaya na safiyar Talata yake kai mutum, yara na makaranta, injin markaɗe ya huta. A koma shi kaɗai ƙarfe goma na dare. A koma daren Juma'a, a koma ranar da ake buga babban wasa. A ɗaga kai a duba rufin da ke kewaye ko akwai lasifika da inda bakinta ya dosa. A tambayi mai tuyar ƙosai ta bakin layi, ita ba ta da kamasho a ciki. In kuma aka ga baƙin mai a ƙasa da tabon hayaƙi a bango a gindin tagar ɗakin, a nemi sanin na wane ne da ƙarfe nawa yake kashewa kafin a ƙirga kuɗin shekara.